Kifewar Motar Jif da Neman Diyya

Kifewar jif shi ne motar ta kwanta a gefenta ko ta juya tayoyi sama, wani lokaci har ta yi adungure sau biyu sau uku kafin ta tsaya. Kowace mota tana iya kifewa, amma jif ta fi saurin yi saboda tsayinta, nauyinta yana sama sama ne, faɗin da ke tsakanin tayoyinta kuma bai kai ya riƙe wannan tsayin ba. In aka ƙara lodi a kan rufi, buhunan masara ko jarkoki, abin sai ya ƙaru. Yawanci ba haka kawai take kifewa ba, sai taya ta saki kwalta ta faɗa ƙasa mai laushi ko rami ko ta daki kalbati, direba ya fizgi sitiyari da ƙarfi, shikenan.

Tarihi

A Amurka aka fi yin rigimar. A 1988 mujallar Consumer Reports ta ce Suzuki Samurai tana saurin kifewa a kwana, cinikinta ya faɗi, Suzuki ta kai ƙara a 1996, sai 2004 suka sasanta. Wadda ta fi girma ita ce ta Ford Explorer da tayoyin Firestone, fatar tayar ce ke ɓallewa ana tsaka da gudu musamman a wurare masu zafi. A Agustan 2000 aka janye taya miliyan 6.5, mutum fiye da 200 suka mutu a Amurka, kamfanonin biyu kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi har suka raba gari a 2001. A shekarar ne hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta fara ba motoci maki kan haɗarin kifewa, daga ƙirar 2012 kuma aka wajabta na'urar ESC wadda ke taka birkin taya ɗaiɗai da kanta in mota ta fara zamewa. Jif ɗin da suka girmi haka, irin Beljiyam ɗin da ke cike a hanyar Zariya zuwa Kano, ba dukansu ke da ita ba.

A Najeriya

Haɗarin kifewar jif da aka fi tunawa shi ne na ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi, 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu da matarsa da ɗansa. Hukumar Road Safety ta ce tayar baya ce ta fashe, ga gudu, direba ya taka birki, ministan da ɗan kuma ba su ɗaura bel ba sai motar ta wurgo su waje. Raunin kifewa galibi a kai ne da wuya da laka, don rufin yana lotsowa ciki. A yankin Zariya masu irin wannan rauni asibitin koyarwa na Shika ake nufa da su.

Diyya

Can waje har kamfanin da ya ƙera motar ake kaiwa kotu, a nan kam da wuya, direba ko mai motar ake bi. Inshorar taad fati, wato wadda ke biyan wanda motar ta yi wa ɓarna, tun 1945 aka fara yi mata doka, daga Janairun 2023 kuɗinta na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, amma ba ta gyara motar mai ita. Mai nema sai ya haɗa rahoton 'yan sanda da na likita da rasit ɗin magani, in takardar inshorar ta bogi ce kuma, an yi asara. Da yawa dai ba sa zuwa nan, manya ke zama a yi sulhu, a biya kuɗin asibiti, dangi su ce ƙaddara ce sun yafe.