Kashi 3 cikin 100: ƙa'idar da Norwe ke bi wajen taɓa kuɗin mai

A 1969 Norwe ta gano mai a tekunta. Yau asusun da take tara kuɗinsa ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, ga jama'ar da ba ta kai miliyan 6 ba. Duk da haka gwamnati ba ta ɗiba yadda ta ga dama.

Duk abin da gwamnati ta samu daga mai da iskar gas, asusun yake shiga. An kafa shi a 1990, kuɗin farko suka shiga a 1996. Babban bankin ƙasar ne ke juya su, kuma a ƙasashen waje kaɗai ake zuba jarin, don kada kuɗi su yi yawa a gida su tayar da farashi, masana'antu su durƙushe, irin abin da ya sami Holan bayan ta fara haƙar gas.

A 2001 majalisa ta amince cewa abin da za a ɗiba a cike giɓin kasafi kada ya wuce ribar da ake sa ran asusun zai kawo bayan an cire hauhawar farashi. Da farko kashi 4 cikin 100 ne a shekara, a 2017 aka rage zuwa 3. Wato a ci riba, a bar uwar kuɗi ga 'yan baya. Ƙa'ida ce ta yarjejeniyar 'yan siyasa, ba kotu ke tsare ta ba. Ta yarda a zarce a shekarar wahala, kamar lokacin korona a 2020, muddin za a tsuke bayan haka.

Birtaniya ma ta haƙi mai a teku ɗaya, ba ta kafa irin wannan asusu ba, tana ta fama da bashi.

Abin da ke damuna shi ne, da asusun ya kumbura, kashi 3 ɗin ma ya kumbura. Yanzu sama da kashi 20 cikin 100 na kasafin gwamnati daga nan yake fitowa, alhali mafi yawan dukiyar tana cikin hannun jari. Idan kasuwar hannun jarin ta faɗi, kason zai ragu, amma albashin malamai da kuɗin asibiti ba sa raguwa. Ga tsofaffi masu karɓar fansho suna ƙaruwa, ga rijiyoyin mai suna tsufa. Suwidin da Denmark ba su da irin wannan asusu, dole su auna kashe kuɗinsu da harajin da suka tara. Norwe kuwa tana iya bin ƙa'idarta sau da ƙafa, ta kuma kashe fiye da abin da za ta iya ɗorewa a kai.