Hamayyar ƙungiyoyin sikwash a gasar lig: a kan me ake kai ruwa rana?

A Bauchi da Gombe, da an ce wasan hamayya hankalin kowa kan Wikki Tourists da Gombe United yake tafiya. Amma akwai wata hamayyar da ba a filin Abubakar Tafawa Balewa ko na Pantami ake yin ta ba. A ɗaki mai bango huɗu ake yin ta, tsakanin ma'aikata da malaman jami'a da 'yan kasuwa da mutanen bariki waɗanda ba a biyansu ko sisi, kuma zafinta kan kai ga Alhazawa biyu su yi wata guda suna gaisuwa sama-sama. Ga amsoshin tambayoyin da sababbin shiga suka fi yi.

Shi sikwash ɗin, yaya ake buga shi?

Mutum biyu ne ke shiga ɗaki mai tsawon mita 9.75 da faɗin mita 6.4, kowa da raket ɗinsa, suna dukan ƙaramin ƙwallon roba a bangon gaba bi da bi. A gindin bangon akwai shafin kwano mai tsayin santimita 48. Ƙwallon ya taɓa shi, ka faɗi. Ka bari ya dira ƙasa sau biyu, nan ma ka faɗi. Maki 11 ne zagaye ɗaya, idan aka yi 10 da 10 sai wani ya ba da ratar maki biyu, kuma wanda ya riga cin zagaye uku cikin biyar shi ne da wasa. A makarantar Harrow ta Ingila wasan ya samo asali wajajen 1830. Yau Misirawa ne ke jan zarensu a duniya, irin su Nour El Sherbini, kuma za a fara buga shi a gasar Olamfik a Los Angeles a 2028.

Wasan mutum biyu ta yaya ya zama na ƙungiya?

Tsarin da aka fi bi shi ne kowace ƙungiya ta fito da mutum biyar, a jera su bisa ƙarfinsu. Na ɗaya ya kara da na ɗayan baƙi, na biyu da na biyu, har zuwa na biyar. Ƙungiyar da ta ci wasa uku ta yi nasara a ranar. A gasa da yawa kowane zagaye da ɗan wasa ya ci maki ne ga ƙungiyarsa a teburi, sannan a ƙara wa wadda ta yi nasara wasu a kai. Saboda haka wanda aka doke 3 da 2 ya fi amfani ga mutanensa fiye da wanda aka share 3 da 0. Ana haɗuwa sau biyu a kaka, gida da waje.

Me ke sa abin ya yi zafi haka, alhali ba kuɗi a ciki?

Ƙarancin mutane. Ɗakunan wasan kaɗan ne, galibi a kulob na manyan ma'aikata ko bariki ko harabar makaranta, kuma masu bugawa duk sun san juna. Wanda ya doke ka ranar Asabar, da shi za ku haɗu a sakatariya ranar Litinin, ku sake haɗuwa a ɗaurin aure ranar Juma'a, kuma ba zai rasa tambayarka yadda gwiwa ta kwana ba. Tsakanin garuruwan biyu kuma akwai tsohuwar wasa: jiha ɗaya ce har 1996 da aka cire Gombe daga Bauchi, tafiyar kuma ba ta wuce kilomita 150 da 'yan kai ba. Wa da ƙane ne, ba wanda ke son a ce ɗan'uwansa ya zo har gida ya kunyata shi.

Wane abu ne aka fi rigima a kansa?

Tare hanya. A tanis raga ta raba ku, a sikwash kuwa wuri ɗaya kuke tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Doka ta ce da ka buga ka kauce, ka bar wa abokin karawarka hanyar zuwa ga ƙwallon, da sararin ɗaga raket, da bangon gaba. Idan ya ga an tare shi sai ya tsaya ya nemi hukunci. Alƙali yana da amsa uku: ya ce let, wato a sake, ya ce sitirok, wato makin na wanda aka tare ne, ko ya ce babu komai, mai ƙorafin ya rasa makin, domin ko an bar masa hanya ba zai kai ga ƙwallon ba. Duk wannan a ƙiftawar ido ake yanke shi.

To wa ke alƙalancin? A gasar 'yan sa kai, ɗaya daga cikin 'yan wasan ne ke hawa baranda ya riƙe takarda, galibi daga masu masaukin baƙi. Nan ne al'adarmu ke shigowa. A ce matashi ne ƙaramin ma'aikaci a sama, a ƙasa kuma daraktansa, ana 9 da 9 a zagaye na biyar. Darakta ya buga ƙwallon ya dawo masa a ƙirji, baƙo ya ɗaga raket ya tsaya. Kowa a barandar ya san hukuncin. Darakta ya ɗago kai yana huci ya ce, “Kai yaro, let ne ko?” Abin da ya kamata ya fito daga bakin yaron shi ne, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, makin nasa ne.” Sau da yawa abin da ke fitowa shi ne, “A sake, Yallaɓai.” Baƙi ba za su ce uffan ba, za su ci abinci su hau mota, amma sun riƙe, kuma ranar da aka je gidansu za a biya bashin. Ni dai ban ga laifin yaron ba. Laifin na wanda ya ɗora shi a can ne. Wasan babban mutum, a ba sa'ansa alƙalanci, ko a ɗauko wani daga ƙungiya ta uku.

Ana maganar maguɗin jeri. Mene ne shi?

Kyaftin ya san gwaninsa ba zai iya da na ɗayan baƙi ba, sai ya mayar da shi na uku inda nasara ta tabbata, ya tura wani rago gaba a yi sadaka da shi. Ko kuma ranar babban wasa a ga wata baƙuwar fuska, a ce ai ɗan ƙungiya ne aiki ya kai shi Abuja. Maganin a fili yake: a miƙa jerin sunaye tun farkon kaka, kada a sauya sai da sakamakon wasa tsakanin mutanen biyu, kuma wanda bai buga wasu wasanni a kakar ba kada ya buga na ƙarshe. Zawarcin ɗan wasan wata ƙungiya ma a yi masa lokaci, tsakanin kaka da kaka.

Da gaske wasa a gida yana da tasiri?

Sosai. Ƙwallon sikwash sai ya ɗumama yake tsalle. A zafin Maris da Afrilu, cikin ɗakin da ba iska, yakan yi ta tashi ya ƙi mutuwa, wasa ya yi tsawo, mai ƙarfin numfashi ya ci. Da sanyin hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, yakan mace a kusurwa, dattijo mai dabarar hannu ya wahalar da saurayi. Ga daɓe, wani na katako wani na siminti. Ga bangon da filastarsa ta fashe, mai gida ya san inda ƙwallon ke karkacewa, baƙo bai sani ba. Ga fitila, da janaretan da kan yi tari ana tsakiyar wasa. Da azumi kuma sai bayan asham ake bugawa, baƙon da ya sha hanya da ƙishirwa ya fi jin jiki.

Ashe bai fi kyau kowa ya yi motsa jikinsa a bar gasa ba?

A'a. Ɗakin da babu gasa a cikinsa, fenti kan koɗe, rufi ya yi yoyo, ƙarshe a mayar da shi sito. Kunyar baƙi ce ke sa a haɗa kuɗi a gyara daɓe, tsoron shan kaye ne ke fito da mutum atisaye bayan la'asar.

Akwai kuma wata riba da ta fi wannan. Na ɗaya da na biyu kusan an san sakamakonsu tun kafin a fara; a na huɗu da na biyar ake cin gasa. Ƙungiyar da ke son kofi dole ta nemo sababbin ƙafafu, kuma ga su nan a bakin ƙofa: yaran masu gadi da na masu shara da ke leƙe ta taga. Hashim Khan na Pakistan yaron tsintar ƙwallo ne a kulob ɗin hafsoshin Turawa a Peshawar, ya tashi ya ci babbar gasar Birtaniya sau bakwai tsakanin 1951 da 1958. Da ni ne mai tsara gasa a Bauchi ko Gombe, doka ɗaya zan ƙara: gurbi na biyar a kowace ƙungiya na ɗan ƙasa da shekara 19 ne, raket da takalminsa kuma a wuyan ƙungiyar.