Masanin Kimiyyar Lafiya Mai Isar da Bincike ga Jama'a

Masanin kimiyyar lafiya shi ne wanda ya ƙware wajen gwajin jini da fitsari da majina da sauran abubuwan da ake ɗauka daga jikin mutum, domin gano cuta da fahimtar yadda take yaɗuwa. A Nijeriya, yawancin masu wannan sana'a suna yin karatun shekara biyar a jami'a, kamar Jami'ar Bayero ta Kano, sannan su yi shekara guda ta sanin makamar aiki, kafin su sami cikakkiyar rajista daga MLSCN, hukumar da ke kula da wannan sana'a, wadda doka ta kafa a 2003. Daga cikinsu akwai waɗanda ba sa tsayawa a ɗakin gwaje-gwaje, sai su fita su bayyana wa jama'a abin da bincike ya gano, ta gidan rediyo, ko a ƙofar gidan dagaci, ko a taron mata ranar awon ciki.

A ƙasar Kano, tarihi ne ya ƙara wa wannan aiki nauyi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a birnin Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa jita-jita ta sami gindin zama a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa. Ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan cutar ta riga ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Da sarakuna da malamai suka sa baki, aka kuma yi ta bi gida-gida ana bayani, sai al'amura suka sauya, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020.

Cutar tsargiya ta fi komai nuna yadda aikin yake a ƙauye. A garuruwan da ke bakin fadamun Haɗeja, da wuraren noman rani na Kadawa, yara maza sukan yi fitsari da jini, har wasu iyaye su ɗauka alamar balaga ce. Masanin yakan karɓi fitsarin da tsakar rana, lokacin da ƙwayayen tsutsar da ke haddasa cutar suka fi fita, ya tace shi, ya ɗora a ƙarƙashin madubin likita. Masu hikima a cikinsu sukan kira uban yaron ya leƙa da idonsa, ya ga ƙwan mai ɗan tsini a ƙarshensa. Daga nan bayani yake sauƙi: tsutsar tana girma a jikin dodon koɗi, tana huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, kuma maganin Praziquantel yana kashe ta, amma wanda ya koma ruwan zai iya sake kamuwa. Gani ya kori ji, kuma babu laccar da ta kai wannan leƙen tasiri.

Bayanin lissafi shi ne inda ake yawan tuntuɓe. Idan miji da mata duk suna da nau'in jini na AS, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Mutane da yawa sukan fahimci cewa ɗa ɗaya ne kawai cikin huɗu zai kamu, alhali kowane ciki lissafinsa daban, ta yadda 'ya'ya biyu a jere za su iya zuwa da cutar. Tun da Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, wannan bayani ya zama aikin yau da kullum.

Ginshiƙin sana'ar shi ne amana. Ba a ɗaukar jinin mutum don bincike sai da yardarsa, bayan an faɗa masa da Hausa abin da za a yi da shi, kuma amincewar mai unguwa ba ta maye gurbin ta matar da za a soka wa allura. Sakamakon gwaji sirri ne tsakanin masanin da mai shi, ko da kuwa maƙwabta ne. Haka nan ba ya zuzuta magani fiye da abin da bincike ya tabbatar, ba ya kuma wulaƙanta mai zuwa wurin mai maganin gargajiya. Idan an kammala bincike, wajibi ne ya koma garin da aka ɗebi jinin, ya tara mutanen, ya faɗa musu abin da aka gano.