A ina ake sa wuƙa? Tambayoyi kan ginin manhajojin kamfanin waya

Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ngaundare ya zo hutu Garwa, an ba su aiki kan SOA da eTOM, kansa ya ɗaure. Muka zauna a zaure bayan la'asar yana tambaya ina ba shi amsa. Na rubuta hirar don na san ba shi kaɗai abin ke damu ba.

Yaya, wai mene ne SOA ɗin nan?

Ka tuna matar nan mai lema a bakin kasuwa da ke tura maka kiredi. Ka miƙa mata sefa 500, ta danna lambobi, kafin ka mai da hannu aljihu saƙo ya shigo. A ɗan wannan tsakanin an duba ko layinka na aiki, an cire kuɗi daga asusunta, an zuba a naka, an rubuta cinikin, an aiko maka da saƙo. A tsohon gini duk ayyukan nan a cuɗe suke cikin manhaja ɗaya, ka taɓa nan can ya motsa. SOA cewa ta yi a raba su, kowane aiki ya zama hidima mai cin gashin kanta, da ƙofa guda da kowa ya san yadda ake ƙwanƙwasa ta. Hidimar duba layi ɗaya ce, ko buƙatar daga wayar mai lema ta fito, ko daga kwamfutar ma'aikacin ofis.

To idan rabawa ce kawai, me ya kawo su eTOM?

Rabawar ce ai wahalar. Je ka tsaya gaban mahauci ka gani: gwani gaɓa yake nema, wuƙa ta wuce salin alin. Ɗan koyo kuwa ƙashi yake sara. Kamfanonin waya sun daɗe suna saran ƙashi kafin su haɗu su zana inda gaɓoɓin suke. Ƙungiyar TM Forum, wadda aka kafa a 1988, ita ta tattara wannan ilimi. Taswirarta ta ayyuka ita ce eTOM, wadda ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta karɓa a 2004 da lamba M.3050. A ɓangaren aikin yau da kullum ta ware manyan layuka uku: cika wa abokin ciniki abin da ya nema, tabbatar da abin na aiki, da lissafin kuɗi. Akwai kuma SID, ƙamus ɗin bayanai, da TAM, taswirar manhajoji. Da ana kiran tarin nasu NGOSS, a 2010 aka koma kiransa Frameworx.

Wanne zan fara karantawa?

SID. Da yawa sukan fara da eTOM don zanenta ya fi ɗaukar ido, amma ni a ganina rigimar da ta fi cin kuɗi ta ma'anar kalmomi ce. Tambayi sashe uku na kamfani wane ne abokin ciniki. Mai lissafi zai ce asusu, injiniya zai ce lamba, mai talla zai ce mutum. SID ta raba gardama: mutum daban, hajar da ya saya daban, hidimar da ke isar masa da ita daban, kayan aikin da ke ƙarƙashi daban. Lambar waya kayan aiki ce, ba ita ce mutumin ba.

Mun ga amfanin wannan a ƙasarmu. A 2014 lambobin wayar Kamaru suka tashi daga masu alƙaluma 8 suka koma masu 9. Duk manhajar da ta ɗauki lamba a matsayin sunan mutum sai da aka buɗe cikinta. A 2017 kuma aka ba mutane damar sauya kamfani da lambarsu, farkon lamba ya daina zama tabbacin ta MTN ce ko ta Orange. Ga kuma ɗan kasuwar Kusuri mai layi uku, ɗaya don kiran Njamena a tsallaken gada. Mutum ɗaya ne, ya kamata na'ura ta san haka.

Wannan duk zancen ofis ne. Ina ruwan talaka?

Da ruwansa ƙwarai. Bara na sayi data a wani kamfani, aka cire kuɗi, data ba ta zo ba. Na je ofis na bi layi cikin zafin nan na Garwa. Yarinyar da ke kan tebur ta juyo min da allon kwamfutarta: ga kuɗin an cire, amma ba ta da tagar da za ta ga abin da ya faru bayan nan. Ba laifinta ba ne. Da an yi ginin daidai, oda ɗaya mai lamba ɗaya za ta bi ta kowace ƙofa. TM Forum ta tsara ƙofofin nan: TMF622 na odar haja, TMF641 na odar hidima, TMF621 na ƙorafi. In hidimar ta ƙi kamawa, odar ta nuna ta faɗi, kuɗi ya dawo ba sai kowa ya hau babur ba. Wanda sefa 500 ce cinikinsa na rabin yini, shi ya fi kowa buƙatar haka.

Kenan a kwafe tsare-tsaren TM Forum ɗungurungum?

A'a. Taswira ce, ba ta san wutar da ke ɗaukewa a Marwa ba, ba ta san layin da ke yankewa tsakaninmu da Duwala ba. Kai za ka tsara abin da hidima za ta yi in ta kira 'yar'uwarta shiru: ta jira, ta sake kira, amma kada ta cire kuɗi sau biyu. Kada kuma ka mai da kowane akwatin eTOM hidima, sai ka tara ɗaruruwa babu mai kula da su. Ɗauki aiki ɗaya, kamar rajistar sabon layi, ka bi shi tun daga katin shaida har wayar ta yi ƙara.

Abokaina sun ce SOA ta tsufa.

Kayan aikin ne suka sauya. Hidimomin sun ƙanƙance, an rage dogaro da babbar manhaja guda a tsakiya, kuma tun 2018 TM Forum ta fito da sabon tsari mai suna ODA. Ƙamus ɗin SID na nan a ƙarƙashinsa. Gobe da safe ka zo da takarda mu zana cinikin mai lema, ƙofa bayan ƙofa, ka kai wa malaminku.