Idan Jifa Ya Lalace, Ba Lallai Hannu Ne Ya Mutu Ba

An daɗe ana ɗauka cewa idan kwatabak, wato mai jefa ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, ya ja baya, to hannunsa ne ya mutu. Sau da yawa ba haka ba ne.

Dubi Jameis Winston na Jami'ar Florida State. A 2013 ya yi jifa 40 da suka kai ga ci, abokan hamayya suka cafke 10 kacal, ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. A 2014 kuwa ci 25, cafka 18. Me ya canja? Kelvin Benjamin, dogon nan mai cafko ƙwallo a sama, ya tafi NFL, babbar gasar ƙwararru. Abokan wasansa Devonta Freeman da Bryan Stork ma sun tafi. Sababbin masu karɓa ba su gama sanin inda Winston zai jefa ba, shi kuma, gaskiya, ya riƙa yin kasada.