Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da batun haɗewar Ireland

Haɗewar Ireland na nufin raba Ireland ta Arewa da Birtaniya a haɗa ta da Jamhuriyar Ireland, tsibirin ya koma ƙasa ɗaya. Tsohon zance ne, amma ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta sake tayar da shi.

Tarihi

An raba tsibirin a 1921, gundumomi shida na arewa maso gabas, inda mabiya ɗariƙar Furotesta suka fi yawa, suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya da sunan Ireland ta Arewa. Daga ƙarshen shekarun 1960 yankin ya faɗa rikicin da ya ci rayuka kimanin 3,500. Yarjejeniyar Belfast ta 10 ga Afrilu 1998 ce ta kashe wutar, ta kuma wajabta wa ministan Birtaniya mai kula da yankin ya kira ƙuri'ar raba gardama in ya ga alamar masu son haɗewa za su yi rinjaye. Kasancewar ƙasashen biyu cikin ƙungiyar Turai tun 1973 ta taimaka ƙwarai, domin daga 1993 babu binciken kwastan a iyakarsu mai tsawon kusan kilomita 500.

Bayan ƙuri'ar 2016

A ranar 23 ga Yuni 2016 Birtaniya ta zaɓi ficewa, alhali kashi 55.8 cikin ɗari na masu zaɓe a Ireland ta Arewa sun nemi a zauna. A Afrilun 2017 shugabannin Tarayyar suka amince cewa in an haɗe tsibirin, arewa za ta shiga Tarayyar kai tsaye. Nan lissafi ya canza: haɗewa ta zama hanyar komawa Turai, har ga waɗanda ba ruwansu da kishin ƙasar Ireland.

Don kada a mayar da shingaye a iyakar, tsarin da Birtaniya da Tarayyar suka cimma, wanda ya fara aiki a 2021, ya ɗora binciken kwastan kan kayan da ke shigowa Ireland ta Arewa daga sauran sassan Birtaniya ta teku. Jam'iyyar DUP, mai son a ci gaba da zama da Birtaniya, ta fusata, ta janye daga gwamnatin yankin a Fabrairun 2022. Jam'iyyar Sinn Féin, mai son haɗewar Ireland, ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar yankin na Mayun shekarar da kujeru 27 cikin 90, 'yar jam'iyyar Michelle O'Neill kuma ta zama Minista ta Farko a gwamnatin yankin a Fabrairun 2024.

Ra'ayin jama'a

Ana saɓani kan girman sauyin. Akasarin binciken jin ra'ayi na nuna goyon bayan haɗewa ya ƙaru, amma masu son zama da Birtaniya ne a gaba.