Ma'anar VaR, ma'aunin haɗarin asara a bankuna

VaR taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci "Value at Risk", kuma a harkar banki da kasuwar hannun jari ana nufin adadin kuɗin da ake kyautata zaton asara ba za ta wuce shi ba cikin wani ƙayyadadden lokaci. Idan aka ce VaR ɗin wani banki na yini guda naira miliyan 30 ne a matakin kashi 99 cikin 100, to abin nufi shi ne a cikin kwanakin kasuwa ɗari ana sa ran sau ɗaya kacal asarar yini za ta haura wannan adadi.

Bankin J.P. Morgan na Amurka ne ya fito da wannan ma'auni fili, bayan shugabansa Dennis Weatherstone ya nemi a riƙa kawo masa taƙaitaccen rahoto kullum da ƙarfe 4:15 na yamma, wanda zai nuna masa haɗarin da dukiyar bankin gaba ɗaya take ciki. A 1994 bankin ya bayyana wa duniya tsarin da sunan RiskMetrics, sannan a 1996 Kwamitin Basel mai shata wa bankuna dokoki ya amince a yi amfani da VaR na kwana 10 wajen ƙayyade jarin da banki zai ajiye don ko-ta-kwana.

A aji kuwa, da kwamfuta ake koyar da shi, ta manhajoji irin su Python, R, MATLAB, ko ma Excel ga mai farawa. Malami yakan ba ɗalibi farashin wani hannun jari na kwana 500 da suka gabata, ya sa shi lissafa riba ko faɗuwar kowace rana, sannan ya jera su daga mafi muni zuwa mafi kyau. Tunda kashi ɗaya cikin ɗari na 500 biyar ne, asarar da ta zo ta biyar a jerin ita ce VaR a matakin kashi 99 cikin 100. Akwai kuma hanyar Monte Carlo, inda kwamfuta ke ƙirƙiro dubban farashin gobe ta hanyar ƙuri'a, a jera su haka nan.

A ganina amfanin sa ɗalibi ya yi jerin da hannunsa ya fi na haddace lissafin, domin idonsa zai faɗa kan layuka huɗun da ke saman na biyar, waɗanda su ne ranakun da kasuwa ta fi yin ɓarna, ya kuma lura cewa VaR bai ce uffan game da su ba. Ko asarar ranar ta wuce iyakar da naira ɗaya, ko ta ninka ta sau goma, adadin ba ya motsawa. Wannan giɓi ya fito ƙarara a rikicin kuɗi na 2008, lokacin da manyan bankuna suka tafka asarar da ta zarce lissafinsu nesa ba kusa ba. Shi ya sa a 2016 Kwamitin Basel ya koma ga wani ma'auni mai suna Expected Shortfall a matakin kashi 97.5, wanda ke tattara waɗannan munanan ranaku ya fitar da matsakaicin asararsu.